Daga Sakiya Zuwa Sikanin: Yadda Allurar Likita Ta Yi Ido

Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san sakiya, in bai gani da idonsa ba ya ji labari a bakin kakarsa. Kumburi ya nuna, ya cika da mugunya, yaro ya kwana yana tsala ihu, sai a aika a kira wanzami. Ya sa siririn ƙarfe a wuta, ya latsa wurin da yatsa ya ji inda ya fi taushi, ya huda. Mugunya ta fita, daren nan kowa ya samu barci a gidan. Wanzamin bai ce ya kashe tushen cutar ba, ya dai sauke wa yaron kaya. Sai dai iyakarsa ita ce iyakar idonsa da yatsunsa. Ruwan da ya taru a cikin ciki, ko wanda ya danne huhu a ƙirji, ba shi da hanyar kai wa gare shi, kuma wanzami mai hankali ko gwadawa ba ya yi.

Yau akwai likitocin da sana'arsu ke nan, su yi wannan hujin a can cikin jiki suna kallon bakin allurarsu a allon na'ura. Daga cikin waɗanda suka fi cin moriyar aikin akwai yaran da ciwonsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: mai ciwon dajin da ya bazu, mai ƙodar da ta gaza, wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun ranar haihuwa. Daga Ƙofar Na'isa tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala, kuma da wuya a samu unguwa a tsakanin nan da ba a taɓa dawo da yaro gida da kumburarren ciki ba, an ce wa iyayensa a ci gaba da addu'a. Addu'a dole ce. Tambayar ita ce ko bayan ita akwai sauran abin da hannu zai iya yi. Akwai, amma sai da ilimin likitanci ya shafe kusan shekara ɗari kafin ya kai wurin, kuma ta hanyoyi biyu ya bi waɗanda ba su haɗu ba sai daga baya.

Hanya ta farko: ganin cikin jiki

A ranar 8 ga Nuwamba 1895, lokacin Sarki Alu yana kan gadon Kano ana share ƙurar yaƙin basasa, wani masanin kimiyya a garin Wurzbag na Jamus mai suna Wilhelm Rontgen ya ci karo da wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Abin da muke kira hoton ƙashi ko hoton ƙirji ke nan. Shekara da shekaru galibin amfaninsa kallo ne: a gano karaya, a gano harsashi, sannan a miƙa mara lafiya ga mai wuƙa.

Daga cikin waɗanda suka fara haɗa kallo da aiki akwai wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, yana da shekara 25. A 1929 ya zura siririyar roba ta jijiyar jinin hannunsa, shi da kansa, ya tura ta kimanin santimita 65, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya tabbatar bakinta ya isa zuciya. Manyansa ba su yaba ba, sun ɗauke shi mai wasa da rai. Sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu biyu.

A ganina wanda ya fi cancantar a san sunansa shi ne Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin. Kafin shi, in ana son shigar da roba cikin jijiya, ko dai a tsaga fata a tono jijiyar, ko a yi amfani da allura mai kaurin da robar za ta wuce ta cikinta, wadda ke barin babban rami. A 1953 ya fito da dabara mai sauƙi har ta ba mutum haushi don bai riga shi tunaninta ba. A soka siririyar allura. A zura waya mai laushi ta cikinta. A zare allurar a bar wayar. A sako robar ta bi ta kan wayar har ciki, sai a zare wayar. Duk wanda ya taɓa zarga wa wando zariya ya san hikimar: zariya ba ta iya shiga da kanta, sai wani abu mai ƙarfi ya yi mata jagora, in ta fito a cire shi. Har gobe kusan duk robar da za a sa wa yaro a ƙirji, ko ƙoda, ko babbar jijiya, da wannan dabarar ake sa ta.

Ranar 16 ga Janairu 1964, wata uku da naɗin Sarki Ado Bayero, wani likitan hoto a jihar Oregon ta Amurka, Charles Dotter, ya karɓi wata tsohuwa mai shekara 82. Jijiyar jinin ƙafarta ta tsuke, yatsun sun fara ruɓewa, zafi ya hana ta sakat, likitocin tiyata sun ce sai yankewa, ita kuma ta ce ba ta yarda ba. Dotter ya bi ta kan waya ya buɗa jijiyar da robobi, ƙarami sannan babba. Zafin ya tafi, ta koma tafiya da ƙafarta, ta ƙara shekara biyu da rabi a duniya. Daga nan ake lissafin haihuwar wannan fanni, kuma mai karatu ya lura, aikin farko ba tsufa ya warkar ba, raɗaɗi ya cire.

Duk waɗannan da hasken Rontgen aka yi su, shi kuwa yana da illa in ya yi yawa, musamman ga yaro da jikinsa ke kan girma. Na'urar da ta fi dacewa da yara daga masana'antar ƙarfe ta fito. A 1955 wani likitan mata a Gilasgo, Ian Donald, ya kwashi ƙululluwan da aka ciro daga cikin mata ya kai wata masana'antar tukwanen tururi, inda ake amfani da sauti wajen gano tsagewar da ke ɓoye a cikin ƙarfe. Ya ga na'urar tana bambance ƙullutu mai tauri da jaka mai ruwa. Shi da abokan aikinsa suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. Abin da ya sa aka daina yi masa dariya wata mata ce da cikinta ya yi tulu, an yanke mata hukuncin ciwon daji da ba ya aikatuwa. Na'urar ta nuna ashe ƙatuwar jakar ruwa ce a ƙwan mahaifa. Aka cire, ta warke.

Wannan shi ne sikanin da matan Kano suka sani a wajen awo. Amsa-kuwwa ce tsagwaronta, irin wadda jemage ke tafiya da ita a duhu. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce dubu 20 a daƙiƙa, na sikanin kuwa miliyoyi ne. Sautin na tafiya a tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki abu ya dawo, kwamfuta ta lissafa nisa ta zana hoto. Ruwa baƙi ƙirin yake fitowa, allura kuma farin layi. Kuma da yake yaro ba shi da kauri, sautin na kai wa lungunan da a jikin babba sai an sha wuya. A 1971 aka ƙara samun siti sikan a Ingila, mai yanka hoton jiki falle-falle, amma shi da hasken Rontgen yake aiki.

Hanya ta biyu: yarda cewa yaro na jin zafi

Wannan ita ce ta fi ɗaure kai. Har tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka ana yi wa jarirai tiyata da ɗan abin da bai kai ya kawo ba na maganin kashe zafi, wani lokaci ma babu sam. Sai a ba su maganin da ke hana motsi kawai. Hujjar ita ce wai jijiyoyinsu ba su nuna ba, ba sa ji, in ma sun ji ba za su tuna ba. A 1985 aka yi wa wani bakwaini aiki a kusa da zuciya a birnin Washinton a haka, ya rasu bayan makonni, uwarsa ta gano abin da ya faru ta ƙi yin shiru. A 1987 wani likita ɗan Indiya da ke bincike a Okusfod, Kanwaljeet Anand, ya nuna cewa bakwainin da aka ba maganin kashe zafi mai ƙarfi lokacin tiyata sun fi samun sauƙi bayan aiki, jikinsu bai shiga firgicin da na sauran ya shiga ba. Shekara 92 ke nan bayan hoton Rontgen. An iya ganin ƙashin yaro tun tuni, amma kukansa sai a lokacin aka ɗauke shi hujja. Kada mu yi saurin zagin Turawa: a nan ma ana cewa jariri bai san zafi ba ranar da za a cire masa beli.

A gefe guda kuma wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967 don waɗanda magani ya gaza a kansu. Koyarwarta ita ce a riƙa ba da maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya yi kururuwa, kuma raɗaɗi ya haɗa da tsoro da damuwar iyali. Gida na farko irin wannan na yara zalla shi ne Helen House a Okusfod, 1982, an sa masa sunan wata yarinya da ƙari a ƙwaƙwalwa ya nakasa tana shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan ba da maganin zafin ciwon daji a 1986, na yara kuma a 1998. A Afirka, Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a kudancin Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, ta yaɗa mofin na sha mai araha da ake haɗawa da ruwa. A Najeriya Ibadan ce ta yi gaba, ƙarƙashin Farfesa Olaitan Soyannwo, inda asibitin koyarwa na can ya buɗe sashen wannan jinya a 2007.

Bari mu kira ta jinyar sauƙaƙawa. Mutane na ɗaukarta jinyar gargara, alhali ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta ga yara ta ce tana farawa ne tun ranar da aka gano cutar, ko ana neman warkewa ko ba a yi. Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya ce yara sama da miliyan 21 ke bukatarta duk shekara a duniya.

Inda hanyoyin suka haɗu

Mofin na kashe zafi, amma ba ya kwashe ruwa. Yaron da lita biyu ta taru masa a ciki ba ya iya kwanciya, ba ya iya cin abinci, numfashinsa sama-sama domin ruwan ya tokare huhu daga ƙasa. Tun zamanin da likitoci na huda ciki su tsiyaye irin wannan ruwa, amma da lalube, kuma hanji na nan yana yawo a ciki. Da sikanin, likita zai ga inda ruwan ya fi zurfi, ya ga hanji ya kauce masa, ya kashe fatar wurin da allura, ya shiga. Aikin bai fi na mintoci ba. Haka ake yi wa ruwan ƙirji. In kuwa ruwan mai dawowa ne, tun ƙarshen shekarun 1990 akwai robar da ake binne wani ɓangarenta a ƙarƙashin fata, ta zauna watanni, a riƙa tsiyayewa a gida maimakon a yi ta huda yaro duk mako.

Ƙari a mara kan danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta kumbura, guba ta taru a jini. Tun 1955 aka nuna za a iya shiga ƙodar ta baya da allura a bar roba fitsari ya riƙa fita. In bututun ɗacin hanta ne ya toshe, yaro ya yi shawara, ido ɗorawa, ga ƙaiƙayin da ke sa ya yage fatarsa da dare, shi ma ana iya yi masa magudana ta gefen haƙarƙari.

Akwai robar ciyarwa, wadda ita tun asali don yara aka ƙirƙire ta. A 1979 wasu likitoci biyu a Kilibland, Michael Gauderer da Jeffrey Ponsky, suka sa wa wani jariri roba kai tsaye cikin tumbi ta fatar ciki ba tare da buɗe cikin ba. A 1981 aka nuna za a iya yin haka da jagorancin hoto. Wannan ya shafe mu ƙwarai, saboda doguwar naƙuda da shawarar jarirai na barin yara da yawa da taɓuwar ƙwaƙwalwa, haɗiya ta gagare su. Uwa ta shafe awa guda tana ɗura kunu, rabi ya zube, wani ya sarƙe zuwa huhu ya zama ciwon haƙarƙari.

Sai kuma kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi. A bayan tumbi, kusa da babbar jijiyar jini, akwai wata mahaɗar jijiyoyi da zafin kayan ciki na sama ke bi ta cikinta. Wani likitan Jamus, Max Kappis, ya fara kai mata allura ta baya a 1914, da lissafi da sa'a. Yanzu da hoto ake zuwa, a zuba sinadarin da zai kashe ta, zafin ya lafa na makonni ko watanni, a rage yawan mofin, yaron ya farka daga mayen magani ya yi hira da 'yan'uwansa. Ga ciwon dajin ƙashi a ƙafa ko hannu, ana ganin jijiyar a sikanin a ajiye mata siririyar roba mai ɗigo da maganin kashe wuri. Masu bincike a Biyana suka nuna wannan hanya ta kallon jijiya kai tsaye a 1994.

Mafi ƙanƙanta a idon likita, mafi girma a idon uwa, shi ne neman jijiya. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san daren da za a soki yaro sau bakwai ana neman inda za a ɗaura ruwa. Sikanin na nuna jijiyar da ido ba ya gani.

Ba kowane aiki da ake iya yi ne ya kamata a yi ba, kuma nan ne nake ganin masu zumuɗin na'ura ke yin tuntuɓe. Babba zai kwanta shiru a huda shi, yaro ɗan shekara uku sai an sa shi barci, kuma sa barci ga wanda numfashinsa ya riga ya yi rauni kasada ce. Roba ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Yawan tsiyaye ruwan ciki na tafiya da sinadaran gina jiki. Yawancin binciken da aka dogara da shi a kan manya aka yi, na yara ƙanana ne, 'yan tsirarun marasa lafiya a asibiti ɗaya. In saura kwana uku ga yaro, kwana ɗaya a ɗakin aiki ba ƙaramar asara ba ce. Ma'aunin shi ne: zai sa ya koma gida, ya ci, ya yi barci?

To ina Kano a ciki?

Asibitin cikin birni, wanda ya zama Murtala, ya soma ne a ƙarshen shekarun 1920. Asibitin Ƙashi na Dala 1959, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano 1988. Sikanin kuwa ya cika gari, kusan duk babban titi akwai allon mai ɗaukar hoton ciki, har akwai ƙaramar na'urar da ake jona wa wayar hannu. Wato ido muna da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da aka horar ya riƙe allura da dama, na'ura da hagu, a jikin yaro.

Kuma Kano ta riga ta nuna za ta iya. Masu bincike na Asibitin Malam da Jami'ar Bayero, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun shafe shekaru suna auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila da sikanin ta gefen kai, don gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki a ba su magani tun da wuri. Gwajin da suka yi da yara 220 ya fito a 2022. Rigakafi ne ba sauƙaƙawa ba, amma ya tabbatar cewa ana iya kai na'urar ɗakin duba yara, a horar da ma'aikatan gida, aikin ya ɗore. Tanzaniya ma ta fara horar da likitocin allura da hoto a asibitin Muhimbili a 2018, daga kusan babu.

Ni dai ra'ayina, a kan sikanin ya kamata mu kafa wannan aiki, ba a kan siti sikan ba. Ya fi araha, ba ya da hasken da ke cutarwa, yana aiki da batir in an ɗauke wuta, kuma shi ake turawa gadon yaro. Yana da wani amfanin ma da ya fi sauƙaƙawa. Kumburin ciki a yaron Kano zai iya zama tarin fuka na ciki, ko ciwon ƙoda, ko dajin nan da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ke narkewa da magani cikin kwanaki in an gano shi. Allurar da aka kai daidai kan ƙari ta tsinko ɗan nama don gwaji ita ke raba wanda za a sauƙaƙa wa kawai da wanda za a iya warkarwa, kamar matar nan ta Gilasgo. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji na warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ƙasa da kashi 30, kuma rashin gano cuta daidai na cikin dalilan.

Akwai tarihi biyu na gida da duk mai son yin wannan aiki zai yi karo da su. Na farko 1996, annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200, sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Uban da ya tambayi likita sau uku me za a zura wa ɗansa yana da dalili, kuma amsar da ta dace ita ce a juyo masa allon ya ga baƙin ruwan da idonsa. Na biyu shi ne bala'in kodin da tiramol, wanda ya kai ga gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron ƙwaya ya shiga gidaje da asibitoci, har wani ya ji an ambaci mofin ya ce ba za a mayar masa da ɗa ɗan maye ba. Alhali mofin da aka auna daidai da nauyin yaro mai ciwon daji shi ne ginshiƙin jinyar, allura da hoto ƙari ne a kansa.

Sannan duk robar da aka sa a asibiti, a gida za ta zauna. A soron da mutum goma sha ke wucewa, cikin zafin bazara, da ruwan 'yan garuwa. Wani zai wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ta, ya juye jakar ya duba launin ruwan, ya canza auduga, ya san cewa zazzaɓi ko ja a bakin ramin na nufin a koma asibiti a daren ba sai gari ya waye ba. A Ingila nas ce ke zuwa gida ta yi wannan. A Ƙofar Na'isa uwa ce za ta yi, ko kaka, ko yayar da ke aji uku a sakandare, don haka koya musu kafin sallama, da Hausa, da lambar wayar da za a kira a ɗauka, yana cikin aikin tun daga farko.